Yatsun Mansura da Ƙarfen Wanzami

Abdulmuhaimin! Kai Abdulmuhaimin, kana ina ne? Na kira, na kira, wayarka tana shiga ba ka ɗauka. Na karɓi ta Malam maigidana na kira, ita ma haka. To tunda muryata ce ba ka son ji, ga rubutuna nan. Ka san karatuna bai yi nisa ba, da yatsa ɗaya nake dannawa, in ka ga na yi kuskure ka gyara a ranka. Ni ce Gwaggonka Asabe daga Haɗeja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya Anacha, ya kasuwa, ya haƙuri da zaman nesa? Allah ya ba ka lafiya da kasuwa mai albarka, ya tsare ka a hanya kai da kayanka, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Malam kullum yana fadama, sun yanke alkama, yanzu shinkafar rani suka sa a gaba. Ciyawar kacala ta toshe musu hanyar ruwa, shi da maƙwabtansa suna ta sara da lauje, ya dawo gida duk ƙafarsa a tsattsage yana faɗa da kowa. 'Yarka Adila ta fara rarrafe, haƙora sun fito mata a ƙasa, duk abin da ta samu sai baki. Jiya kan kifi na ƙwato a hannunta, ta yi ta tsala ihu kamar an yanka ta. Goshinka ne sak, har da taurin kan.

Na san ba a yin haka. Suruka ba ta tare surukinta da magana, ko a zaure muka haɗu ni da kai sunkuyar da kai muke yi. Amma kafin ka zama mijin 'yata, ɗan wana ne kai, ɗan Yaya Umara, Allah ya ji ƙansa. Ni na goye ka, bayana ya sha fitsarinka. To yau na ajiye surukutar a gefe, da bakin gwaggo zan yi maka magana. Mahaifiyarka Ya Gana ta aiko cewa yau ranar kasuwa za ta zo ta tafi da Mansura Birniwa. Wai za ta sake mata wankan jego tun daga farko, kuma ta riga ta yi magana da wanzami zai yi mata sakiya a wuyan hannu da gaɓoɓin yatsu, a fitar da sanyin. Maganin asibiti kuwa wai a zubar. Ta ce ta gaya maka a waya ka ce duk abin da ta gani daidai ne. Malam kuma ya ce shi ba zai riƙe matar wani a gidansa ba in mijin bai ce a riƙe ba. Ka ga ke nan maganar a bakinka take. Ni kuma na san ka faɗi haka ne don ba ka san abin da ake ciki ba, don matarka kullum lafiya lau take ce maka. To bari in gaya maka tun daga tushe, ka karanta har ƙarshe don Allah, kar ka tsallake.

Ka san da damina ta haihu a nan wurina, lokacin da kogi ya cika har maza suna kwana a kan jinga suna jera buhunan yashi. Ka zo suna ka yi kwana biyu ka koma. Itacen wankan da ka aiko ruwa ya dake shi, wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma na kwashe shi na jera a zaure ya sha iska, ranar da ya ƙi kamawa da gawayi na haɗa. Ruwan nan sai ya tafasa yana tsalle a garwa nake saukewa, in tsoma ganyen darbejiya in yi ta fyaɗa mata, safe da yamma, ba fashi. Tana ihu tana cewa wai dafa ta zan yi, maƙwabciyata Saude tana jiyo mu ta katanga tana mata dariya, tana ce mata ai kowa da haka ya girma. Kunun kanwa ta sha har ta gaji, ga gasasshen kifi da yaji, ga ƙauri. Yadda uwata ta yi min haka na yi mata, ban rage komai ba. Aka yi arba'in yarinya tana sheƙi, muka kai ta ɗakinta a Birniwa, muka dawo da farin ciki.

Sai da sanyi ya shigo sosai na je Birniwa gaisuwar rasuwa, na sauka a gidanku. Ina shiga na ga Mansura fuska ta yi zagaye kamar faifai, kumatu har sun rufe ido. Matan gida suna ta cewa Birniwa ta karɓe ta. Ya Gana kuwa, ka san bakinta da ni tun tana amarya a gidanmu, ta ce in zo in ga yadda ake kiwon 'yar mutane, ba irin kiwon 'yan Haɗeja ba da sai ƙayar kifi da ruwan rafi. Na ce mata matarmu, ai tun da wana ya ɗauko ki ba ki taɓa cika masa kwano ba, yau kuma ke ce mai kiwo? Aka yi ta dariya. Wallahi har raina na ji daɗi, na ɗauka ƙiba ce.

A ɗakinta na kwana. Da safe na idar da salla na juyo, sai na gan ta zaune a bakin gado ta ɗora hannuwa a cinya a buɗe, kamar mai jira a zuba mata wani abu. Adila tana kuka, ita kuma tana kallonta. Na ce ke ba kya ji ne? Sai ta sunkuya ta tallabo ta da damatsa, yatsun nan a sandare ba sa lanƙwasuwa. Na kama hannun na duba. Gaɓoɓin tsakiya duk sun kumbura, hannu biyun iri ɗaya, wuyan hannun da ɗumi, ga shatin ƙaho baƙi-baƙi a kai. Ta ce haka take tashi kullum, sai hantsi ya ɗaga suke ɗan sakinta. Ƙafa ma in ta sauke ƙasa kamar ta taka tsakuwa. Da ta zo goyo, na ga da haƙori take jan bakin majanyi don yatsun ba sa iya ƙulli. Tana miƙewa majanyin ya warware, yarinya ta zamo ta baya. Abdulmuhaimin, ni na cafe 'yarka a iska, kanta ya kusa dukan bakin gado. Mansura ta zauna ta yi ta kuka, tana roƙona kar in gaya maka, wai kana can kana fama kar a tayar maka da hankali. Ta janyo wata leda ƙarƙashin filo ta nuna min, ƙwayoyi ne kala-kala, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwali. Wai haɗin sanyi ne daga wani kemis, in ta sha sai ta ji garau zuwa yamma, washegari ciwo ya dawo, ga cikinta yana mata zafi kamar an zuba barkono.

Da na yi wa Ya Gana magana, a tsakar gida gaban mutane ta amsa min. Ta ce sanyi ne, kuma sanyin daga gidana aka kwaso shi. Wai da jiƙaƙƙen itace na yi wanka, ruwa bai gasa yarinya ba, na dawo musu da ita da ɗanyen jiki. Wannan maganar ta soke ni, ba zan ɓoye maka ba, don duk macen da aka ce ba ta iya yi wa 'yarta wanka ba an gama da ita. Amma na haɗiye. Ni ma a lokacin sanyi na ɗauka, ka san mu nan komai sanyi ne. Masunci ya wuni a ruwa gwiwa ta riƙe, sanyi. Mai dashen shinkafa ƙugu ya ƙage, sanyi. Tsohuwa ta kasa tashi, sanyi. Na dai roƙe ta ta ba ni aron Mansura in kai ta asibiti a Haɗeja. Ta ce in ɗauka, ai ruwanmu ne ya ɓata, ruwanmu ya gyara.

A asibitin nan garin likita ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana dannawa yana kallon fuskarta. Ya yi ta tambaya, da safe ya fi ko da yamma, hannu ɗaya ya fara ko duka, gashi yana zuba, baki yana fashewa, akwai ƙuraje a fuska, akwai mai irinsa a dangi. Aka ɗebi jini aka ce ba sikila ba ce. Sai ya tura mu Kano wurin wata likita da aikinta ke nan, ciwon gaɓoɓi kawai. Muka yi sammako ni da ita da goyo. Can ma aka sake ɗibar jini aka ɗauki hoton hannuwan da ƙafafun. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta faɗi sunan ciwon da Turanci, wai rumatoyid, na ce 'yata faɗa min da Hausa. Ta ce akwai sojoji a jikin kowa da Allah ya sa don su yaƙi cuta, to na Mansura ne suka rikice suka juya suna yaƙar gaɓoɓinta, shi ne kumburin da zafin. Ta ce mata ya fi kamawa, kuma sau da yawa bayan haihuwa yake tasowa.

Nan fa na gyara zama na tambaye ta kai tsaye. Na ce likita, tsakaninki da Allah, wanka ne bai yi ba? Ta yi murmushi ta ce Mama, akwai ƙasashen da matansu ba su taɓa jin sunan wankan jego ba, akwai waɗanda aka gasa su har fata ta saluɓe, duk ciwon nan yana kama su. Ba wanka ba ne, ba ruwan kogi ba ne, ba kuma hannun kowa ba ne. Na ce ta maimaita Mansura ta ji da kyau. Ta maimaita. Ba don in wanke kaina nake gaya maka wannan ba, ni an riga an faɗa min abin da aka faɗa, ya wuce. Don ka gane ne cewa in ba wanka ya kawo shi ba, to sake wanka ba zai kore shi ba.

Har ni ma ban tsira ba a ɗakin nan. Da za mu fita ta ga yadda na dafa tebur kafin in miƙe, ta ce in dawo in zauna. Ta kama gwiwata tana lanƙwasawa tana jin ƙarar, ƙurus-ƙurus kamar ana tauna aya. Ta ce nawa daban ne, nawa zaizayewa ce ta shekaru da nauyin jiki, shi ya sa ni da yamma nake jin jiki bayan na wuni a tsaye, ita kuwa Mansura da safe bayan ta huta. Wai in rage tuwo in riƙa tattaki. Na ce tuwon nawa ma kike wa baƙin ciki? A layi kuma akwai wani mahauci mai ƙaton ciki, babban yatsan ƙafarsa ya yi jawur ko iska ba ya so ta taɓa, shi kuma an ce masa wani gishiri ne yake taruwa a gaɓar, an hana shi kayan ciki da lemon kwalba, yana ta ƙunƙuni wai an hana mahauci hanta. Ka gani, ciwo uku, magani uku, mu kuwa duk sanyi muke ce musu mu sha leda ɗaya.

Ledar nan da na nuna wa likita sai da ta dafe kai. Ta ware wata 'yar farar ƙwaya ta ce ita ce mai kwantar da ciwon nan take, kuma ita ce ta kumbura fuskar. Ba ƙiba ba ce, Abdulmuhaimin, kumburi ne muka yi ta yi wa barka. Ta ce in aka daɗe ana sha barkatai tana cinye ƙashi, ta kawo ciwon suga da hawan jini, sauran kuma su ne suke ƙona mata ciki. Amma ta ce kar a yanke ta rana ɗaya, jiki ya saba, da kaɗan-kaɗan za a janye, ta tsara mana yadda za a yi. Sannan ta ba da maganin ciwon na ainihi, wanda mai shayarwa za ta iya sha. Ta ja mana kunne sosai cewa shi wannan ba ya aiki yau-yau, sai an yi watanni ana sha kafin a ga ƙarfinsa, don ba zafin kawai yake kashewa ba, sojojin yake lallashi su daina cin gaɓar. Ta ɗaga hoton hannun ta nuna mana a haske ta ce mu gode Allah, har yanzu ƙashin bai fara cinyewa ba. In aka riƙe magani yanzu, hannun zai zauna hannu. In aka bari ya ci, abin da ya ci ya tafi, ba likitan da zai dawo da shi.

Ban gane nauyin maganar ba sai da muka fito muka zauna a benci kusa da wata baiwar Allah, Yelwa sunanta, daga Miga. Ba ta fi ni shekaru ba. Ta ga hannun Mansura sai ta zaro nata daga cikin hijabi ta ɗora a cinya. Yatsun duk sun karkace gefe guda kamar iska ta kwantar da karan gero, wasu sun ƙudundune, ga tabon sakiya fari-fari a kowace gaɓa. Ta ce ita ma bayan haihuwa ya fara mata, aka ce sanyi, aka yi wuta, aka yi ƙaho, aka sha jiƙe-jiƙe, sai da hannu ya gama lalacewa aka kawo ta. Yanzu 'yarta ke ɗaura mata zani, ita ke ba ta abinci a baki, ko carbi ba ta iya ja. Ta kalli Mansura ta ce 'yan mata, ke kin zo da wuri, ko duniya za ta taru a kanki kar ki saki maganin nan. Ba ta yi kuka ba, mu ne muka yi. Tun daga ranar, in na rufe ido hannun matar nan nake gani a jikin 'yata.

Na tambayi likita zancen sakiya, don tun a Birniwa na ji ana raɗe-raɗinsa. Ta ce ko kusa. Sakiya ai inda mugunya ta taru ake yi wa, nan kuwa ba mugunya, in aka soka ƙarfe mai zafi ƙofa kawai aka buɗe wa cuta ta shiga cikin gaɓa, ga shi magungunan da ta sha sun rage wa jikin ƙarfin warkar da miki. Ta ce gaɓar da cuta ta shiga tana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Ruwan ɗumi dai ta yarda da shi, ɗumi ba tafasasshe ba. Kullum da safe ina zuba mata a roba ta tsoma hannu tana matsa soso a ciki a hankali, tana buɗe yatsu tana rufewa yadda aka koya mata. Kuma wallahi ana ganin sauƙi. Da sai hantsi hannun ke saki, yanzu kafin in gama dama koko ta fara riƙe kofi. Shekaranjiya da kanta ta ƙulla majanyi, da yatsu ba da haƙori ba, ta fito tsakar gida tana juyi wai in gani. Ban ce ta warke ba. Akwai ranar da take tashi jiki duk a mace, wanki da daka kuwa na hana ta. Amma inda muke yau ba nan muke a da ba.

To matsalar, fuskar ta saɓe. Kumburin ya tafi ta dawo Mansurarta siririya yadda ka aure ta. Da Ya Gana ta zo dubiya makon jiya, tun daga bakin ƙofa ta saki salati, ta ce na shanya mata suruka na busar kamar kifin banda, saura a zuba a kwali a aika maka Anacha. Na ce ai da ka fi kowa murna, ka samu kaya kyauta. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce wane irin magani ne za a yi ta sha ba a ga aikinsa ba, na kemis ai ana sha ake miƙewa. Na yi bayani, Mansura ta yi bayani, ta ce ita ba ta jin karatun likitar Haɗeja, ni ke nan. Ta ce a Birniwa yarinya tana cika ido, a nan ta zama kara. Ta tafi ranta a ɓace, daga nan ne ta kira ka.

Ka ji ni da kyau, ban ce ka saɓa wa mahaifiyarka ba, Allah ya kiyaye. Kuma kar ka ɗauka ƙin Mansura take yi. Da hannunta take shafa mata man zafi, ita ke goyon Adila ta wuni da ita, Mansura da bakinta ta ce min ko tsinke ba ta bari ta ɗaga. So ne, amma son nan zai nakasa min yarinya. Abin da nake so da kai ƙanƙane ne. Ka kira ta da kanka, ka lallashe ta yadda ka iya, kar ka ce Gwaggo ta ce, in ta ji sunana za ta ƙara hawa. Ka ce kai ne kake so matarka ta zauna a Haɗeja ta ci gaba da magani, ba wuta ba ƙarfe. Ka ce mata ranar komawa Kano ta zo mu tafi tare, ta zauna gaban likita ta yi duk tambayar da take so, ni zan yi shiru, in ma ta ce in tsaya a waje zan tsaya. In yarinya ta samu lafiya a ce Ya Gana ce ta yi jinya, na yarda, a ce wankana ne bai yi ba, na yarda, a faɗa a gidan biki ma. Ni hannun nake so. Sannan ka kira Malam ka gaya masa da bakinka, don shi ba zai karɓa daga wurina ba.

Akwai kuma wata magana da ta fi ƙarfin bakina, amma tunda na fara bari in ƙarasa. Likita ta ce in wannan maganin bai isa ba akwai wani mai ƙarfi da za a ƙara, shi kuma ba a shan sa da shayarwa, ba a kuma shan sa in ana sa ran ƙaruwa. Ta ce wannan shawara da kai za a yi ta, kai da matarka, tana son ganinka ko ta ji ka a waya. Na faɗa, na rufe fuskata, kar ka sake tayar min da ita. Ka kuma sani ciwon nan irin hawan jini ne, ba a cewa an gama da shi, lallaɓa shi ake yi. Za a riƙa komawa ana duba jini, har ido ma an ce za a riƙa dubawa saboda maganin. Kar wannan ya tsorata ka. Likita ta ce tana da mata da yawa masu irinsa suna ɗinkinsu suna girkinsu suna renon 'ya'yansu, ba mai ganewa sai an faɗa.

Ita Mansura ba ta san ina rubuta maka ba, tana ɗaki tana shayarwa. Tun jiya ta haɗa kayanta a jaka, ta ce in uwar mijinta ta ce ta tashi ba za ta iya cewa a'a ba, kuma gaskiyarta, ba tarbiyyar da na yi mata ke nan ba. Na ga ta tura maganin can ƙasan jaka cikin safa wai za ta riƙa sha a ɓoye. To ƙarfen fa, shi ma a ɓoye za ta kauce masa? Na fitar da kayan na mayar cikin kwaba. Malam da zai fita na ce masa ni fa ba inda yarinyar nan za ta, ya ce Asabe kar ki ja min abin kunya da iyalin marigayi. Na ce to. Yana fita na tura ƙofar gida na sa sakata, da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidan nan. Saude ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ɓarayi ne suka shigo unguwa.

Ka gaishe min da Mustapha abokin cinikinka, ka ce na gode da sabulun da ya aiko. Ka gai da Abdulfattah ɗan Mairam in kuna haɗuwa, ka ce uwarsa tana cigiyarsa, ya riƙa kira ko ba komai. Ƙannenka na nan duk suna gaishe ka, Huseina ta ce

Tsaya. Ana buga ƙofa. Mota ce ta tsaya, ga muryarta nan tana cewa wai yau kuma gidan Asabe ne da sakata. Akwai muryar namiji tare da ita, ashe ba ta bari sai Birniwa ba, da wanzamin ta zo. Zan buɗe, matar wana ce, zan shimfiɗa mata tabarma in kawo ruwa in durƙusa in gaishe ta. Amma a bakin ƙofar ɗakin Mansura zan zauna, kuma ka san gwiwata, in na zauna ba na tashi da wuri. Wayar tana cinyata. Ka kira yanzu, Abdulmuhaimin, yanzu, ina zuwa, ina zuwa, kar ki ɓalla min ƙo